Wata Yarinya da Sashe na Goma Sha Ɗaya

Gwangwan, Rogo
3 ga Yuli

Zuwa ga ƙanwata Zakiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya birni, ya ƙafar taki da kika ce tana kumbura in kin daɗe a zaune? Mu nan lafiya lau. Ruwa ya zauna, gyaɗa ta rufe ƙasa. Maigidan yana gaishe ki.

Na rubuto ne maimakon waya don maganar ba ta tsakar gida ba ce. Kin san nan sai mutum ya je gindin mangwaro yana ihu kafin a ji shi, kuma kafin ke ki ji, unguwa ta riga ta ji. Malam Sabi'u direba zai kawo miki har ofis.

Maganar yarinyar nan ce da muka kai Yola ta Karaye bara. Kin san wadda nake nufi. Ta fari ce, ba zan rubuta sunanta ba, ba a yi mini wannan tarbiyyar ba. Cikinta ya shiga wata na bakwai. Na aika a ɗauko ta ta zo goyon ciki, ta haihu a gabana ta yi arba'in, kamar yadda Inna ta yi mini. Sai mijin ya aiko da gaisuwa da kwalin sabulu da cewa a yi haƙuri.

Wai saboda katin asibitin nan da aka raba mana da bazara, wanda aka ce gwaji ake yi da mu da mutanen Karaye. Nata a asibitin Yola aka rubuta shi, wai ba ya aiki a nan. Ban yarda ba, na je wurin Malama Zuwaira ta asibitinmu. Ta ce gaskiya ne, na'urarta ba ta karɓar katin wata ƙaramar hukuma. Na ce mata yarinyar nan ke kika yi mata rigakafi tana jaririya, a kan bencin nan. Ta ce ita ta sani, na'urar ce ba ta sani ba.

To ga dabarar da muka yi. Baraka maƙwabciyata tana da kati, kuma ba ta amfani da shi tunda ita ba ta ciwo sai na baki. Ta ce a ara. Hoton jikin katin duhu ne, ko uwar Baraka ba za ta rantse ita ce ba. Ke da kike zaune da masu yin doka, ki duba mini ko akwai matsala.

Ba wai na damu ba ne. Yarinya ce kamar kowace. Itacen da na tara tun rani ne nake jin kada ya yi ta zama a banza.

A gaida mutanen ofis. Na saka miki daddawa.

Yayarki,
Barira

*

Kano
6 ga Yuli

Yaya Barira,

Wa alaikumus salam. Na karɓi wasiƙa da daddawa, kuma duk wanda ke aiki a benenmu ya san an kawo mini daddawa. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki Malam Badaru. Ƙafa da sauƙi.

Bari in rubuta sunan, tunda ba ni na haife ta ba. Kausar. Mijinta kuma Yusha'u. Kin ga takardar ba ta kama da wuta ba.

Da farko, ki mayar wa Baraka katinta da godiya. Ƙudurorin doka huɗu ne a kan teburina yanzu, majalisar jiha tana duba su: na ƙananan hukumomi, na asibitoci, na inshorar lafiya, da na hukunta masu laifi. Wasiƙarki mai shafi ɗaya ta taɓo uku a ciki, abin da wasu 'yan majalisar ba su yi ba a wata biyu. Na inshorar ya ce aron kati laifi ne. Na hukunci kuma ya ce ƙananan masu laifi ba za a kai su gidan yari ba, aikin gayya za a ba su. Tun jiya nake hango ki da Baraka kuna share tashar Rogo, ke kina shara ita tana ba fasinjoji labari. Ban da wasa, Yaya, katin yana ɗauke da irin jinin mai shi. In aka buƙaci ƙarin jini, na Baraka za a nemo wa Kausar. A bar wannan maganar.

Yanzu ga abin kunyar. Dokar da ta hana Malama Zuwaira karɓar katin tana cikin ƙudurin inshorar, sashe na goma sha ɗaya. Cewa ya yi mai kati zai sami magani ne kawai a asibitin da ya yi rajista, cikin ƙaramar hukumar da yake zaune. A yanzu gwaji ne a wurinku. In ƙudurin ya wuce a haka, ya zama doka a jiha gaba ɗaya. Wasu lauyoyi aka ɗauko haya suka rubuta shi, ni kuma a matsayina na sakatariyar kwamitin lafiya na karanta shi sau bakwai. Na gyara waƙafi biyu da lamba ɗaya. Ban ga Kausar a ciki ba. Digiri biyu gare ni, a ɗakin kakarmu aka haife ki, kuma ban tuna cewa mace tana komawa gidan iyayenta haihuwar fari ba sai da kika aiko da daddawa.

Ranar 24 ga wata kwamitinmu zai zo Karaye jin ra'ayin jama'a. Duk mai magana ana ba shi minti uku. Ni ba ni da bakin magana a wurin, aikina in rubuta abin da wasu suka faɗa. Ke kina da shi. Ki zo ki faɗa musu abin da kika faɗa mini, ki cire Baraka kawai.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarki,
Zakiyya

*

Yola, Karaye
10 ga Yuli

Zuwa ga Anti Zakiyya,

BAYANI GAME DA MATSAYINA KAN TAFIYAR IYALINA GOYON CIKI

Ranki ya daɗe, assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiya, da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Na sami labarin cewa maganar ta iso gare ki, don haka na ga ya dace in gabatar da nawa ɓangaren a rubuce, kamar yadda muka saba a ofishin ƙaramar hukuma.

Na ɗaya. Ban hana ta tafiya don raina Umma ta Gwangwan ba. Allah ya kiyaye.

Na biyu. A awon da aka yi mata na ƙarshe an ce jininta ya ɗan hau. Ba abin tsoro ba ne, in ji su, amma a sa ido. In ta kama a tura ta babban asibiti, katin ya ɗauki motar asibiti da aikin tiyata da jini, amma sai in daga Yola aka tura ta. In tana Gwangwan, babu ko ɗaya. Na karanta ƙa'idar har na haddace ta.

Na uku. Ba na musun cewa gidanmu ba wurin mai jego ba ne. Mahaifiyata ta rasu shekara huɗu ke nan. Daga ni sai Baba. Na nemi a koya mini kunun kanwa don shiri, na gwada ranar Asabar. Baba ya ɗanɗana ya ce a ba tumaki. Tumakin sun sansana sun koma kan ciyawarsu.

Na huɗu. Ita ba ta ce mini komai ba. Sai dai mako uku ke nan da ta ninke kayanta a jaka ta ajiye bayan ƙofa. Kullum da safe sai na tsallake jakar in zan fita. Ba ta kwance ba, ni ma ban ce ta kwance ba.

Anti, ni mutum ne mai bin takarda. Ban iya wani abu ba. In aka sami takardar da ta ce katinta zai yi aiki a can, da kaina zan kai ta. In ba a samu ba, gara Umma ta yi fushi da ni shekara goma da in kai ta inda ba ni da tabbas.

Ina neman afuwa idan na tsawaita.

Naki mai biyayya,
Yusha'u Aminu

*

Gwangwan
14 ga Yuli

Zakiyya,

Sallama da gaisuwa. Saƙonki ya iso. Baraka ta karɓi katinta, ta ce a gaya miki ita ko a gidanta ba ta shara da rana.

Boko ya taɓa ki. In tashi gaban maza, da lasifika, in ce ina son 'yata ta dawo kusa da ni? Da wane bakin? Me za a ce a garin nan? Mutumin Yola ma yana iya kasancewa a wurin, surukina, yana kallona ina zuba.

Ke auta ce, ba ki san wannan ba. Inna ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. "Ke" take cewa, ko ta aiko ki. Amma lokacin da na haifi yarinyar nan, kwana arba'in Inna tana dafa ruwa safe da yamma, tana gasa mini jiki da ganyen darbejiya. Ba ta ce mini sannu ba. Hannunta ne ya yi ta faɗa. Ni ma abin da nake da shi ke nan in ba wa waccan. In ba ta zo ba, ban san ta inda zan faɗa mata ba.

Na wuce ta asibiti jiya, Malama Zuwaira ta ce ba ni kaɗai ba ce, iyaye shida sun zo mata da irin wannan maganar tun bazara. Duk sun koma gida sun yi shiru. Ni ma shirun zan yi.

Sai dai zaren saƙata ya ƙare, kuma an ce na Karaye ya fi kyau. Wataƙila in shiga ranar 24 ɗin. In hanya ta bi da ni ta gaban zauren naku, to ta bi.

Ki riƙa ɗora ƙafar a kan kujera.

Barira

*

Kano
17 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Lallai zaren Karaye ya yi suna, musamman wanda ake sayarwa daf da zauren taro na ƙaramar hukuma, da ƙarfe goma na safe. Na sa sunanki na tara a jerin masu magana, ko da hanya za ta biyo.

Na gwada ta tawa hanyar. Na sami babban lauyan da ya rubuta ƙudurin na yi masa bayanin goyon ciki. Ya saurare ni da ladabi, ya ce abin sha'awa ne ƙwarai, amma al'ada ba ta cikin abubuwan da aka ba su su duba. Ya tambaye ni ko akwai wani bincike da aka wallafa a kai. Na ce akwai, kusan rabin mutanen jihar nan, suna yawo da ƙafafunsu. Ya yi dariya. Ya ɗauka raha nake.

Abu ɗaya ya kamata ki sani tun yanzu, kada ki ce na yaudare ki. Ƙa'idar zaman ita ce duk mai koke ya faɗi sunan wanda abin ya shafa, don a rubuta. Ban san yadda za ki yi da wannan ba. Na dai san ban taɓa ganin kin rasa yadda za ki yi ba.

Sai mun haɗu wurin zare.

Zakiyya

*

Karaye
24 ga Yuli

Yusha'u,

Assalamu alaikum. Ya mai jiki, ya Baba? An ce mini yau ranar awo ce, ka ɗauki izini daga ofis ka kai ta. Ka yi daidai, amma ka yi asarar kallo. Ka zauna ka karanta wannan da ƙarfi, Kausar ta ji.

An fara zama ƙarfe goma sha biyu saura, wato ƙarfe goma na gwamnati. Zauren ya cika. Mutum takwas na farko sun yi abin da aka saba. Wani ya yi minti biyu da rabi yana gaida manyan baƙi, ya yi rabin minti yana neman a gyara kwalbatin unguwarsu. Wani dattijo daga Beli ya goyi bayan dokar aikin gayya ga masu laifi, da sharaɗin a fara da wanda ya sace masa akuya, kuma a gonarsa. Wani kansila ya karanta jawabi kan 'yancin ƙananan hukumomi, shafi na uku ya ɓace, bai lura ba, mu ma ba mu tuna masa ba.

Sai na kira lamba tara. Na ɗauka ba ta zo ba. Can baya sai ga surukarka ta miƙe, da mayafinta na zuwa biki, da leda a hannu. Zare ne a ciki, na duba daga baya. Baraka na biye da ita kamar mai tsaron lafiya.

Ta ƙi karɓar lasifika. Ta gaida shugaban kwamiti, Honarabul Abdulmutalib, ta ce ita wucewa take yi. Sannan ta ce akwai wata yarinya da aka kai aure Yola daga Gwangwan, cikin fari, an hana ta zuwa gida saboda kati.

Shugaba ya ce, "To Hajiya, sunan yarinyar?"

Ta ce, "Wata yarinya ce."

"Eh, mun ji. Sunanta za a rubuta."

"Mutanen Yola sun san ta."

"Mene ne tsakaninku?"

Ta dubi silin, ta dubi ledarta. Ta ce, "Mun taɓa zama gida ɗaya."

Lauyan da ya rubuta ƙudurin ya jawo lasifika ya ce, da girmamawa, koke ba tare da suna ba jita-jita ne, kuma kwamiti ba zai gyara sashe guda saboda mutum ɗaya da ba a ma san ko akwai ta ba. Ni ina zaune da biro, sunan yana bakina, ƙa'ida ta ɗaure ni. Ban taɓa jin haushin aikina kamar lokacin ba. Minti ɗaya da rabi ya rage mata.

Ba ta kula shi ba. Ta juya wa manyan baƙi baya, abin da ba a yi, ta fuskanci zauren. Ta ce, "Don Allah duk wanda yake ɗan fari a wurin uwarsa, ya ɗaga hannu."

Aka yi ta kallon juna. Dattijon akuya ya fara ɗagawa. Sai hannaye suka yi ta tashi, na ƙirga ashirin da bakwai, har da ɗan sandan bakin ƙofa. Ta waiwayo teburin manya ta jira. 'Yan majalisa biyu suka ɗaga. Shugaba ya yi murmushi, ya ɗaga nasa rabi.

Ta ce, "To wanda aka haifa a gidan ubansa a cikinku, ya bar hannunsa a sama. Wanda aka haifa a gidan kakanninsa na wajen uwa, ya sauke."

Yusha'u, ka taɓa ganin an sauke hannu ashirin da wani abu a lokaci ɗaya? Har ƙara yake yi. Uku suka rage, ɗaya ma bai ji tambayar ba ne. Hannun shugaba yana kan tebur.

Ta ce masa, "Ranka ya daɗe, a ina?"

Ya ce a wani ƙauye ne, can wajen kakarsa.

"Ƙaramar hukumarku ɗaya da gidan mahaifinka?"

Ya ce a'a.

Ta ce, "To da katin nan aka yi a lokacin, da wa zai dafa wa mahaifiyarka ruwa?"

Zauren ya ɗauki hayaniya. Mata na baya suka fara kiran sunayen garuruwa, wannan 'yarta na Kiru, waccan tata na Gwarzo. Lauya yana ta buɗe takardu. Da aka lafa ya ce ya fahimta, amma har yanzu ana buƙatar suna don rikodi. A nan ne wani tsohon ɗan majalisa, wanda na ɗauka barci yake tun lamba huɗu, ya buɗe ido ya ce, "Kai yaro, 'yar farinta ce. Ka bar baiwar Allah ta tafi da mutuncinta."

Shugaba ya dafe goshi. Ya ce, "Hajiya, a gafarce mu. Tawa mahaifiyar shekararta tamanin, har yau 'mutumin nan' take ce mini, ko a waya." Ya juyo wurina. "Sakatariya, rubuta: wata yarinya."

Na rubuta. Yana nan a kundin majalisa, da rubutun hannuna, kuma shi ne layin da na fi alfahari da shi a shekara tara na aiki.

Kwamiti ya amince zai ba da shawarar a gyara sashe na goma sha ɗaya: mai ciki za ta iya mayar da katinta asibitin garin iyayenta daga wata na bakwai har kwana arba'in bayan haihuwa. Kada ka yi murna da wannan tukuna. Sai an kai zauren majalisa, an yi karatu na uku, an sa hannu, kuma majalisa za ta tafi hutu mako mai zuwa. Jaririn da ya jira dokar zai fito da haƙora.

Surukarka ma ta gane haka. Ta ce, "Ranka ya daɗe, yarinyar watanta bakwai da rabi." Shugaba ya leƙa ƙarshen tebur inda jami'in da ke kula da gwajin katin yake zaune yana fatan kada a gan shi. Ya tambaye shi ko akwai abin da ya hana a gwada gyaran tun yanzu, tunda dai gwaji ake yi. Jami'in ya ce sai an yi nazari. Shugaba ya ce a yi nazarin kafin a kawo abinci. An yi shi cikin minti goma sha biyu.

Takardar sauyin asibiti tana cikin ambulan ɗin nan, da hatimi. Ta haɗa da motar asibiti da turawa babban asibiti daga Gwangwan, na sa an rubuta wannan ɓaro-ɓaro don na san wanda zai karanta. Kai ne ka yi wa iyalinka rajista, don haka sa hannunka ya rage. Ba wanda zai tilasta ka.

Da muka fito na ce wa Yaya ta burge ni. Ta ce zaren Karaye ba wani kyau gare shi ba, an zuga shi ne kawai.

Ina gaida Baba. Kausar, ki rage gishiri.

Antinku,
Zakiyya

*

Yola, Karaye
29 ga Yuli

Zuwa ga Anti Zakiyya,

RAHOTON KAI IYALI GWANGWAN

Ranki ya daɗe, bayan gaisuwa da godiya marar iyaka.

Na karanta mata wasiƙar kamar yadda kika umarta. Sau uku ta sa na maimaita wurin "mun taɓa zama gida ɗaya". Ta yi dariya har na ji tsoron jinin, daga baya kuma ta shiga ɗaki ta daɗe.

Na duba takardar. Ban sa hannu nan take ba. Washegari na hau babur na je wurin Malama Zuwaira da kaina, na roƙe ta ta saka lambar katin a na'ura a gabana. Sunan ya fito. Na sa ta kashe na'urar ta sake kunnawa. Ya sake fitowa. Na karɓi lambar direban motar asibiti, na kira shi, ya ɗauka. A nan na sa hannu.

Ranar Lahadi na ɗauki shatar motar Malam Sabi'u na kai ta. Na ce ya riƙa tafiya a hankali, har wani mai keke ya wuce mu ya yi mana sannu.

Da muka isa, Umma tana tsakar gida tana tankaɗe. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa mini da kyau, ta tambayi Baba, ta tambayi tumaki. Ba ta kalli inda iyalina take ba. Ta ce wa Baraka, "A ce wa baƙuwar ta shiga ɗakin can, kada ta tsaya mini a rana." Na leƙa ɗakin. An yi sabon daɓe, an ɗaura gidan sauro sabo, kuma akwai kwano uku a rufe, duk abubuwan da take so tun tana yarinya, in ji ta.

Zan riƙa zuwa Talata da Juma'a da na'urar awon jini da na saya. Umma ta ce Juma'a ta isa. Na ce to. Zan riƙa zuwa Talata da Juma'a.

Naki mai biyayya,
Yusha'u Aminu

*

Gwangwan
12 ga Satumba

Zakiyya,

Sallama. An sauka jiya da hantsi, a hannun Malama Zuwaira. Mace ce, mai ƙarar murya. Uwa da 'ya lafiya lau, ba a kai ga kiran mota ba. Mutumin Yola ya iso da takalmi ƙafa ɗaya nasa, ƙafa ɗaya na Babansa.

Na fara yi wa mai jegon wanka yau.

Suna ranar Alhamis, ki nemi izini tun yanzu. Amma ga matsalar da kika jawo mana. Tun da labarin takardar nan ya bazu, 'yan mata biyar sun dawo unguwar nan goyon ciki, biyu sun riga sun sauka, 'yar Baraka ma na hanya. Tukunyar wankan jego ɗaya ce a unguwar, ta gidan liman, kuma yanzu layi ake yi mata, har an fara gaba.

In za ki taho kada ki sayo atamfa. Ki sayo tukunya, babba.

Yayarki,
Barira